DARASIN KIWON LAFIYA: Me Ke Jawo Wa Yaran Makaranta Ƙiba?

 Darasinmu na wannan fitowa a kan ƙiba yake, wato nauyin jiki da ya wuce ƙima, musamman ga yaran firamare 'yan shekara 6 zuwa 12. Muna roƙon kowane ɗalibi ya karanta wa mutanen gidansu shi da babbar murya, domin rabin maganar tasu ce.

Wani zai ce, to Malam, a wannan zamani da ake fama da tsadar hatsi, wa ke ta ƙiba? Gaskiya ne, yunwa da tsumburewa su suka fi damun yaran ƙasar nan. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, waɗanda nauyinsu ya wuce ƙima kuwa kashi 2 ne kacal. Amma duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar makaranta a Kano ko Kaduna ko Abuja lokacin tashi, zai ga yara masu teɓa suna haki daga ɗan gudun da bai taka kara ya karya ba. Cutar da ta fara leƙowa kuwa tun tana ƙarama ake tare ta.

MENE NE ƘIBA?

Abincin da muke ci shi ke ba jiki ƙarfi, kamar yadda itace ke ba murhu wuta. Masana suna auna wannan ƙarfi da ma'aunin da ake kira kalori. Yaro ɗan shekara 7 zuwa 10 yana bukatar kimanin kalori 1,600 zuwa 2,000 a rana, gwargwadon girmansa da yawan zirga-zirgarsa. Da shi yake numfashi, yake girma, yake tunani, yake wasa. Idan abin da ya shiga ciki ya fi wanda jiki ya ƙona, ragowar ba ta ɓacewa. Jiki yakan mayar da ita kitse ya ajiye, kamar yadda manomi ke zuba rarar hatsi a rumbu. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har rumbu ya cika ya batse. Wannan ita ce ƙiba.

Ido ba mudu ba ne, don haka ma'aikatan lafiya ba sa yanke hukunci da kallo. Suna auna nauyin yaro da kilo, su auna tsawonsa da mita. Sai su ninka tsawon da kansa, su raba nauyin da abin da ya fito. Ga misali, ku ɗauko alƙalami mu yi tare. Yaro namiji ɗan shekara 10, tsawonsa mita 1.4. Idan aka ninka 1.4 sau 1.4 za a sami 1.96. In nauyinsa kilo 32 ne, 32 a raba da 1.96 zai ba da 16.3. In kuwa kilo 44 ne, zai ba da 22.4.

To me waɗannan lambobi ke nufi? A jadawalin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007, yaro namiji ɗan shekara 10 tsaka-tsakinsa 16.4 ne. Idan ya haura 18.5 nauyinsa ya wuce ƙima, idan ya haura 21.4 ya shiga ƙiba sosai. Ga yarinya 'yar shekara 10 kuwa, iyakokin su ne 19.0 da 22.6. Kun ga ke nan yaron farko lafiya lau yake, na biyun kuma yana bukatar a duba shi. Kowace shekara da nata lambobin, saboda haka kada a ɗauki na ɗan shekara 10 a auna ɗan shekara 7 da su.

A kula kuma, kumburi daban, ƙiba daban. Yaron da ƙafafunsa da fuskarsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, in an danna bayan ƙafarsa da yatsa wurin ya lotsa, wannan ba ƙiba ya yi ba. Alamar tamowa ce ko wata cuta ta ƙoda ko zuciya, sai a garzaya da shi asibiti.

GIRMAN MATSALAR

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 na yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce ƙima. Zuwa 2022 adadin ya kai kashi 20, wato ɗaya cikin biyar, sama da yara miliyan 390, kuma miliyan 160 daga cikinsu ƙibarsu ta yi tsanani. A 2025 asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya ba da rahoto cewa a karon farko masu ƙiba sun fi masu rama yawa a cikin yaran da suka isa makaranta a duniya. Yankinmu na Afirka kudu da Sahara da kuma kudancin Asiya ne kawai lamarin bai kai haka ba. Da can ana ganin abin na Amurka ne da Ingila. Yanzu ya shigo biranenmu, har za ka tarar a aji guda akwai yaron da bai karya kumallo ba, kusa da shi kuma ga wanda ya karya da lemon kwalba da biskit.

ABUBUWAN DA KE KAWO TA

1. Kayan zaƙi da lemon kwalba

Wannan shi ne babba. Robar lemo mai rabin lita, irin wadda ake cika wa sukari, tana ɗauke da kimanin giram 50 na sukari, wato cokalin shayi 12 ko fiye. Wace uwa ce za ta zuba wa ɗanta cokali 12 a kofin shayi? Babu. Amma ga shi ana miƙa masa a roba ya shanye a tsaye. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a rana, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga yaron da ke bukatar kalori 1,800, kashi 10 ɗin nan bai wuce cokalin shayi 11 ba. Roba ɗaya ta cinye rabon yini duka, ba a zo kan shayi da koko da alawa ba.

Abin da ya sa zaƙin sha ya fi haɗari shi ne ba ya cika ciki. Yaro zai sha lemo ya tashi ya ci tuwonsa cif, kamar bai sha komai ba. Kuma kada mu ɗora laifin a kan na kamfani kaɗai. Zoɓo da kunun aya da lamurje da yogot na leda, in aka labta musu sukari, hukuncinsu ɗaya. Haka tuwon madara da gullisuwa da alawar sanda da ake sayarwa a bakin makaranta.

Gwamnatoci sun gane haka. Ƙasar Meziko ta sa wa lemon zaƙi haraji a 2014, Ingila a 2018. Nijeriya ma a dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita.

2. Soye-soye da abincin leda

Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, alhali giram ɗaya na sitacin hatsi 4 yake bayarwa. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Shi ya sa dafaffen dankali da soyayye ba ɗaya ba ne, ko da daga buhu guda aka ɗebo su. Yaron da ya karya da fanke, ya sayi awara da kuɗin tara, ya dawo ya tarar da soyayyar taliya da ƙwai, da yamma a hanyar Islamiyya ya sayi cincin, to ya sha mai sau huɗu a yini. Ƙosai da awara abinci ne masu gina jiki, babu mai musu. Yawan da kullum-kullum ɗin ne matsala.

Abincin leda irin su biskit da taliyar minti biyu an yi su ne da farar fulawa wadda aka cire wa dusa. Suna narkewa da wuri, yunwa ta dawo da wuri. Tuwon dawa da na gero, da ɗan wake, da dambu da zogale, da wake da shinkafa, suna da ɓawo da harza masu daɗewa a ciki, yaro ya jima bai nemi wani abu ba.

3. Rashin motsa jiki

Iyayenku a ƙasa suke zuwa makaranta. In sun dawo su ɗebo ruwa, su je aike, da yamma maza su fita langa da ƙwallo, mata su yi gaɗa da 'yar gala-gala a dandali. Yaron birni na yau fa? A daidaita sahu ko motar gida ta kai shi boko da safe, ya zauna a benci har azahar. Ya dawo ya ci abinci, ya tafi Islamiyya ya sake zama har kusan magariba. Wani ma akwai malamin darasi na jiransa a gida. Filayen unguwa an yanka su an yi shaguna, makarantu da yawa kuma a gidan haya suke, babu ko inda za a buga ƙwallo. Ga tsoron mota da na ɓatagari ya sa iyaye kulle yara a gida, kuma ba a ga laifinsu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a kowace rana yana motsi irin wanda zai sa numfashinsa ya ɗaga. Ba lallai a yi shi a zama ɗaya ba. Minti 20 na tafiya makaranta, 20 na wasa lokacin tara, 20 na tsallen igiya ko share tsakar gida, an cika awa ke nan. 'Yan mata su aka fi tauyewa a nan, domin da yarinya ta fara tasawa sai a ce ta daina guje-guje. To a samar mata wurin da za ta yi a cikin gida ko tare da 'yan uwanta mata.

4. Talabijin da wayar hannu

Allon kallo yana cutarwa ta hanya uku. Yana zaunar da yaro wuri ɗaya awa da awanni. Yana sa shi ci ba tare da ya lura ba, domin wanda idonsa ke kan katun bai san lokacin da ya ƙoshi ba, sai dai ya ji hannunsa ya taɓa gindin kwano. Na uku, yana nuna masa tallar lemo da alawa da biskit da launuka masu ɗaukar ido, gobe ya tasa uwa da kuka sai an saya masa.

5. Ƙarancin barci

Wannan zai ba wasu mamaki, domin ana ganin mai yawan barci shi ke ƙiba. Likitocin barci na Amurka a 2016 sun ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana. Idan barci ya gaza, sinadaran jiki masu sanar da mutum yunwa da ƙoshi sukan rikice, sai yaro ya tashi da kwaɗayin zaƙi da maiƙo, ga kasala da ke hana shi wasa. Yaron da za a tasa da asuba, amma yana riƙe da wayar babarsa har ƙarfe 11 na dare, ku lissafa da kanku awa nawa ya samu.

6. Gado da halin gida

Akwai gado a cikin ƙiba. Yara biyu za su ci daga kwano guda, ɗaya ya yi jiki ɗaya bai yi ba. Ɗan da iyayensa duka biyu ke da ƙiba ya fi kusa da yin ta. Sai dai ba jini kaɗai ake gada ba, har da tukunya. Gidan da ake tsiyaya mai a miya sai ya yi iyo, ake ajiye katan ɗin lemo a firji, yaro ba shi da wata makarantar ci da ta wuce wannan.

Akwai kuma ɗabi'un da ake yi da kyakkyawar niyya. A ce wa yaro sai ya sheƙe kwano tas ko ya ƙoshi. A lallashe shi da alawa in ya yi kuka. A yi masa alkawarin lemo in ya ci jarrabawa. Kaka ta ɓoye masa nata rabon a ƙarƙashin gado. A haka yaro ke koyon cewa maganin ɓacin rai da ladan ƙoƙari duk zaƙi ne, ya girma da wannan.

7. Tun daga ciki da goyo

Uwar da ta yi fama da ciwon sukari lokacin da take da ciki takan haifi jariri mai nauyi sosai, kuma irin wannan yaro ya fi saurin yin ƙiba daga baya. Shi ya sa zuwa awo ke da muhimmanci. Shayar da nonon uwa zalla har wata 6 yana cikin abubuwan da ke rage haɗarin, amma binciken 2018 da muka ambata ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke samun haka. Wani abin lura kuma, yaron da aka haifa ɗan ƙarami ko ya tsumbure yana jariri, idan daga baya aka yi ta ɗura masa zaƙi da maiƙo don ya murmure, jikinsa yakan fi saurin tara kitse a ciki. Abin da yake bukata shi ne wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono da ganye.

8. Al'ada da magungunan ƙiba

A wurinmu in yaro ya yi ɓulɓul sai a ce gidansu akwai hutu, in siriri ne a ce uwarsa ba ta kula da shi. Gudun wannan gori ya sa wasu iyaye ke zuwa kemis su sayo maganin buɗe ciki, ko ƙwayoyin nan da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Iyaye mata, don Allah a yi hattara. Wasu daga cikinsu, irin su deksametazon, magunguna ne masu ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na musamman. In aka sha su barkatai sukan kumbura fuska da ciki, su hana yaro tsawo, su raunana ƙashi da garkuwar jiki, su ta da sukari da hawan jini. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kuma kada a tsayar masa rana ɗaya, a kai shi likita ya janye masa a hankali.

Akwai 'yan yara kaɗan da ƙibarsu daga wata cuta take, kamar raunin ƙullin maƙogwaro. Alamar da ake lura da ita ita ce yaro yana ƙara faɗi amma tsawonsa ya tsaya. Wannan ma aikin likita ne.

ILLOLINTA

Ciwon sukari irin na manya, wanda da sai mutum ya manyanta ake ganinsa, yanzu ana samunsa a jikin matasa masu ƙiba. Akwai hawan jini, da taruwar kitse a hanta, da ciwon gwiwa da ƙugu, da lanƙwashewar ƙafa. Akwai minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci, wanda ke sa yaro gyangyaɗi a aji har a ɗauka lalaci ne. 'Yan mata kuma sukan balaga da wuri. Idan kuka ga bayan wuyan yaro ko hammatarsa ya yi baƙi ya yi kauri kamar karan-miski, kada a yi ta dirza da soso ana cewa dauɗa ce. Sau da yawa alama ce cewa jiki ya fara gazawa wajen sarrafa sukari, sai a je a gwada.

Akwai ciwon da ba a gani a gwaji, shi ne na zuciya. Yaron da ake kira buhu ko tulu ko ɗan lukuti yakan daina fita wasa don kunya, ya koma ɗaki ya ci abinci don haushi, ƙibar ta ƙaru. Ɗalibai, duk wanda ya tsokani ɗan uwansa da jikinsa ya ƙara masa cuta a kan cuta. Mafi yawan yaran da suka shiga ƙuruciya da ƙiba mai tsanani da ita suke girma, shi ya sa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ABIN YI

Ga iyaye: kada a hana yaro abinci ko a sa shi yunwa, domin yana kan girma. Sau da yawa abin da ake so shi ne nauyin ya tsaya, tsawo ya cim masa. A gyara tukunyar gida gaba ɗaya, kada a ware shi da kwanonsa daban kamar mai laifi. Ruwa ya zama abin shan kullum, lemo sai ranar salla ko biki. A rage sukarin koko da shayi kaɗan-kaɗan, harshe zai saba. A yawaita miyar ganye, da kwaɗon zogale ko rama, da gwaiba, kankana, gwanda, mangwaro da lemon ɓawo a lokacinsu. A tabbata yaro ya karya kafin ya fita, a kuma tambaye shi me ya saya da kuɗin tara. A kashe talabijin lokacin cin abinci, a karɓe waya bayan isha'i.

Ga malamai: kada a cinye lokacin tara da ƙarin darasi, kada kuma a hori yaro da hana shi fita wasa. A zauna da masu talla na bakin ƙofa a ja hankalinsu su riƙa kawo dafaffiyar gyaɗa, aya, rake, dafaffen ƙwai da 'ya'yan itace. A ajiye randa ko tulun ruwa mai tsabta. In da hali a auna nauyi da tsawon ɗalibai sau ɗaya kowane zango, a sanar da iyaye a asirce.

Ga ɗalibai: in makaranta ba nisa kuma hanya da aminci, ku taka da ƙafa tare da abokai. In an aike ku kada ku yi tsaki. Ku ci a zaune, ku tauna a hankali, in kun ƙoshi ku tsame hannu.

TAMBAYOYI

1. Ina ragowar ƙarfin abincin da jiki bai ƙona ba take tafiya?
2. Yarinya 'yar shekara 10, tsawonta mita 1.3, nauyinta kilo 35. Yi lissafi ka faɗi ko nauyinta ya wuce ƙima.
3. Kawo bambanci biyu tsakanin ƙiba da kumburin tamowa.
4. Ta wace hanya ƙarancin barci ke kawo ƙiba?
5. Me ya sa bai dace a ba yaro maganin ƙiba daga kemis ba?

AIKIN GIDA

Kowa ya ware shafi a littafinsa, ya rubuta duk abin da ya ci da wanda ya sha na kwana 3, da mintocin da ya yi yana wasa, da lokacin da ya kwanta da wanda ya tashi. Ya nuna wa mahaifiyarsa ko mahaifinsa su sa hannu, sannan ya kawo wa malamin aji.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba ɗaya ɓangaren, wato rama da tsumburewa, da irin abincin da ke gina jikin yaro ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya raya mana zuriya. Wassalam.